Darasi: Yadda Ake Gwada Jirgi Mai Saukar Ungulu a Cikin Ɗaki Kafin Ya Tashi

Bayan bidiyon da muka yi na gwajin sandar tuƙi a manhajar X-Plane, wani ɗan uwa daga Zariya ya yi mini tambaya mai kyau. Ya ce: "Wai wannan abin wasa ne kawai, ko da gaske injiniyoyi na aiki da shi?" Amsar ta fi ƙarfin bidiyon minti goma, shi ya sa na zauna na rubuta wannan darasin.

Ni dai ɗalibin injiniya ne, ina digiri na biyu a nan Qatar, ina zaune a Al Wakrah, tsohon garin masunta da masu nutson lu'ulu'u da ke kudu da Doha. In ka zauna a bakin teku ta bayan kasuwar garin da yamma, za ka riƙa hango jirage na shiga da fita filin jirgin Hamad. Arzikin ƙasar nan kuwa yawancinsa a cikin teku yake, wato gas da mai, kuma ma'aikatan da ke kan dandamalin haƙa a tsakiyar ruwa, jirgi mai saukar ungulu ne motar hayarsu. Kamfanin Gulf Helicopters, wanda aka kafa a 1970, shi ke wannan jigila, da jirage irin su AW139. Bincikena a kan sauka cikin ƙura ne, kuma kusan duk aikin a simuleta nake yin sa, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi.

Simuleta iri uku ce, kada a haɗa su

Ta farko ita ce ta wasa, wadda kowa zai iya sa wa a kwamfutarsa: X-Plane, FlightGear, ko Microsoft Flight Simulator da ya ƙara jirage masu saukar ungulu a ƙarshen 2022.

Ta biyu ta horar da matuƙa ce. Asalinta tun 1929 ne, lokacin da Edwin Link ya ƙera wani akwati mai motsi a Amurka don koya wa mutane tuƙi ba tare da sun bar ƙasa ba. Na yau hukumomin jiragen sama ke ba su daraja daga A zuwa D, kuma D ce ƙololuwa. Gulf Helicopters na da irin wannan na'ura ta AW139 a Doha, a Legas ma akwai guda. Aikinta ta kwaikwayi jirgin da ya riga ya wanzu, daidai wa daida, don matuƙi ya koyi abin da zai yi in inji ya mutu ko wuta ta tashi.

Ta uku ita ce tamu, ta bincike. A nan jirgin ne ake jarrabawa, matuƙin kuma shi ne ma'auni. Sau da yawa ma jirgin bai wanzu ba tukuna, ko kuma ya wanzu amma ana so a canza masa wani abu. Injiniya zai iya ƙara wa jirgin nauyi, ya rage faɗin farfela, ya sauya kwamfutar da ke taya matuƙi, duk a cikin minti biyar, sannan ya ce wa matuƙin gwaji: sake tashi mu gani. In jirgin ya faɗi, sai a danna maɓalli a koma farko. Ba gawa, ba asarar miliyoyin daloli.

Me ya sa wannan jirgin ya fi buƙatarta?

Jirgin sama na fasinja, in an daidaita shi a sama, ko an sake shi zai ci gaba da tafiya na ɗan lokaci. Mai saukar ungulu kuwa in yana tsaye cak a iska, kamar ka ɗora tabarya a tafin hannu ne: ka yi sakaci kaɗan ta kife.

Abubuwa uku matuƙi ke riƙe da su a lokaci guda. Hannun hagu na kan sandar da ake kira kolektif, mai ƙara wa fukafukan farfela kusurwa gaba ɗaya don jirgin ya yi sama ko ƙasa. Hannun dama na kan saiklik, mai karkata farfelar gaba, baya ko gefe. Ƙafafu na kan feda biyu masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. Matsalar ita ce duk a ɗaure suke da juna. Ka ja kolektif, inji ya ƙara ƙarfi, gangar jirgin ta nemi juyawa, dole ka taka feda. Ka taka feda, jirgin ya nemi zamewa gefe, dole ka gyara da saiklik. To duk wani sabon abu da injiniya zai ƙara a wannan tsari, sai an ga yadda zai zauna da hannun ɗan Adam. Lissafin takarda kaɗai ba ya nuna wannan.

Abin da ke cikin na'urar

Zuciyarta ita ce lissafin jirgin. Kwamfuta na yanka kowane fiffiken farfela gunduwa-gunduwa, ta lissafa iskar da ke bugun kowace gunduwa, ta tara ƙarfin gaba ɗaya, ta fitar da inda jirgin zai kasance nan da ɗan ƙiftawar ido, sannan ta sake, sau da yawa a kowane sakan. X-Plane ma da wannan dabarar yake aiki, sai dai a sauƙaƙe. Masu bincike kan yi amfani da manhaja irin FLIGHTLAB, ko su rubuta nasu a MATLAB.

Sai hoto, wanda a manyan na'urori yake kewaye matuƙi har ta ƙasan ƙafafunsa, don mai tsayuwa a iska ƙasa yake kallo.

Sai motsi. Yawancinsu ɗaki ne da aka ɗora kan ƙafafu shida masu miƙewa da tanƙwashewa. Tun da ƙafafun gajeru ne, dabara ake yi: a ɗan tura ka gaba don ka ji an tashi, sai a dawo da ɗakin a hankali yadda kunnenka na ciki ba zai lura ba, a kuma ɗan kwantar da kujerar baya don nauyinka ya danna ka kamar ana ƙara gudu. Hukumar NASA ta ga wannan yaudarar ba ta isa binciken jirage masu tashi a tsaye ba, sai ta gina wata a cibiyarta ta Ames a Kalifoniya, wadda ke aiki tun wajejen 1980. Ɗakinta na iya tafiyar ƙafa 60 sama da ƙasa, da ƙafa 40 gefe da gefe.

Na ƙarshe shi ne nauyin sanda a hannu. Ƙwararren matuƙi da tsoka yake gane jirgi, in sandar ta yi laushi kamar ta wasa, hukuncinsa zai karkace.

Yadda ake mayar da "ya yi daɗi" ya zama lamba

Injiniya ba ya aiki da "jirgin nan na da daɗin tuƙi". A 1969 George Cooper da Robert Harper suka fitar da ma'auni daga 1 zuwa 10, wanda har yau da shi ake aiki. Daga 1 zuwa 3, jirgin ya yi. Daga 4 zuwa 6, ana iya aikin amma da wahala, a gyara. Daga 7 zuwa 9, akwai babbar matsala. 10 kuwa jirgin zai ƙwace wa matuƙi.

Ba kuma yawo ake yi a ba da maki ba. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka na da kundin ƙa'ida mai suna ADS-33, wanda aka gina kaso mai yawa nasa da gwaje-gwajen simuleta, ya tsara ayyuka ƙayyadaddu. Misali aikin tsayuwa: ka taho a hankali, ka tsaya a kan alama, ka riƙe jirgin sakan 30 ba tare da ka kauce fiye da ƙafa 3 ba. Matuƙa uku ko huɗu su yi, kowa ya ba da makinsa da dalilinsa, kwamfuta kuma ta naɗi duk motsin hannunsu.

Inda wannan ya taɓa rayuwar mutane

Ɗauki dandamalin haƙar gas irin na tekun nan. Iska in ta bugi hasumiya da gine-ginen da ke kai, sai ta kakkarye ta zama guguwa ƙanana, daidai wurin da jirgi zai sauka. Ga kuma zafin hayaƙin injinan wuta. Hukumar jiragen sama ta Birtaniya ta so ta san iya hargitsin iskar da matuƙi zai iya jurewa. Sai aka auna iskar a jikin ƙaramin samfurin dandamali cikin bututun gwajin iska, aka zuba bayanan a simuleta, matuƙan gwaji suka yi ta sauka suna ba da maki. Daga wannan aiki aka samo iyakar da ke cikin kundin CAP 437, wanda ƙasashe da dama ke bi wajen gina wurin saukar jirgi a teku. A kundin an ƙayyade hargitsin iska na sama da ƙasa a mita 1.75 cikin sakan, kuma in hayaƙi ya ɗaga zafin iskar wurin da fiye da digiri 2, sai an ɗauki mataki. Jami'ar Liverpool ma ta yi irin wannan da na'urarta HELIFLIGHT-R, inda aka gwada sauka a kan jiragen ruwan yaƙi, har da HMS Queen Elizabeth.

Batun zafin nan ya shafe mu kai tsaye. Iska mai zafi ba ta da kauri. A bakin teku, a digiri 15, nauyin kubik mita ɗaya na iska kilo 1.225 ne. A digiri 45, irin na Yulin Qatar, ya sauko wajen 1.11. A Kano, da tudunta na kusan mita 480, ranar da zafi ya kai 40 zai sauko wajen 1.07, wato ragin kusan kashi 13 cikin 100. Farfela na buƙatar ƙarin ƙarfi don ɗaga kaya iri ɗaya, shi kuma injin ƙarfinsa raguwa yake. A simuleta, sauya wannan lamba ɗaya ce.

Makantar ƙura

Yanzu ga abin da nake aiki a kai. AW139 na da farfela mai faɗin mita 13.8, kuma yana tashi da nauyin kilo 6,400 ko fiye. Don ya tsaya a iska, dole ya tura iska ƙasa da ƙarfin da ya kai nauyinsa. In ka yi lissafin, iskar na ratsa farfelar da gudun kusan mita 13 a sakan, kuma can ƙasa tana iya ninkawa, ta haura kilomita 90 a awa. Ka kwatanta wannan iskar ta sauka a busasshen fili. Ƙura ta tashi, farfela ta sake zuƙo ta daga sama, cikin 'yan sakanni matuƙi ba ya ganin ƙasa, ba ya ganin sama. Mafi muni, ƙurar da ke gudana a gaban gilashi na sa ya ji kamar jirgin ne ke tafiya, sai ya gyara abin da bai lalace ba. In tayar gefe ɗaya ta taɓa ƙasa jirgin na zamewa, sai ya kife.

Ba labarin nesa ba ne. Ranar 2 ga Fabrairu 2019, jirgin AW139 da ya ɗauko mataimakin shugaban Najeriya na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kife wajen sauka a Kabba ta jihar Kogi, kuma masu bincike sun danganta abin da ƙurar da ta rufe wa matuƙan ido. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Duk wanda ya san filayen ƙwallon garuruwanmu a lokacin hunturu ya san irin ƙasar da ake magana. A nan ma in iskar shamal ta taso daga arewa maso yamma, garin yakan yi jawur kamar Kano a watan Janairu.

Wannan ba abin da za ka ce wa matuƙi ya je ya gwada sau hamsin da jirgin gaske ba ne. A simuleta kuwa mun yi fiye da haka.

Darasin da talabijin ya koya mini

Aikina shi ne na rubuta wa kwamfutar jirgi tsarin da zai taya matuƙi tsayar da zamewar gefe, tare da alama a allo mai nuna masa inda jirgin ke zamewa ko da ba ya ganin waje. Wata huɗu ina gwadawa a teburina da ƙaramin allo, abin na tafiya sumul. Na riga na sa a raina maki 3 zan samu.

Malamina ya gayyato wani tsohon matuƙi da ya daɗe yana jigilar teku. Don a burge baƙo, na cire ƙaramin allon na jona babban talabijin. Ya zauna, ya taho, ƙura ta rufe shi, sai jirgin ya fara lilo hagu da dama, lilon na ƙaruwa. Sau uku yana gwadawa. Ya saki sanda ya ce: "Ɗana, 7 zan ba ka. Jirgin nan sai na yi magana ya daɗe kafin ya amsa." Na ce: "Kyaftin, a wurina fa lafiya lau yake." Ya yi murmushi kawai.

Mako uku na yi ina tone lissafina ban ga kuskure ba. Daga baya na ɗauki waya na naɗi hannuna da allon a bidiyo mai tafiyar hawainiya, na ƙirga hotunan da ke tsakanin motsin sanda da motsin hoto. Ashe talabijin ɗin, da gyare-gyaren hoton da yake yi don fim ya yi kyau, ya ƙara jinkirin da ya haura kashi ɗaya cikin goma na sakan.

Za ka ce wannan ai ba komai ba ne. To ka tuna tsohuwar a-kori-kura mai sakakken sitiyari: ka murza, ba ta amsa ba, ka ƙara murzawa, sai ta amsa duka biyun a lokaci guda, ka dawo da sauri, ta wuce ɗaya gefen. Haka lilo ke farawa, kuma hannun direban ne ke ciyar da shi. A lissafi, in matuƙi na gyara sau ɗaya a kowane sakan biyu, jinkirin milisakan 150 na cinye digiri 27 na zagayen. Injiniyoyi kan bar rarar aminci ta digiri 45. Ka ga fiye da rabi ta tafi. Shi ya sa ƙa'ida ta ce simuletar jirgi mai saukar ungulu mai daraja D kada jinkirinta ya wuce milisakan 100.

Na je wurin malamina da murna, na ce laifin talabijin ne, tsarina lafiyarsa ƙalau. Ya tambaye ni: "A lissafinka, jinkirin nawa ka sa wa na'urorin auna motsi? Na hannayen ƙarfen da ke juya farfela fa? Na kwamfutar jirgin fa?" Na yi shiru, don sifili na sa. Ya ce to jirgin gaske na da duk waɗannan, kuma in ka tara su za su iya kai abin da talabijin ya ƙara. Wato simuletar teburina, wadda ta fi daɗin tuƙi, ita ce ta yi wata huɗu tana yi mini ƙarya. Talabijin ɗin bisa kuskure ya matso da ni kusa da gaskiya. Da a jirgi aka sa tsarin nan yadda yake, cikin ƙura, ƙafa goma daga ƙasa, da lilon nan da mutane a ciki zai faru.

Na koma na sa kowane jinkiri a wurinsa, na rage zafin amsawar tsarin, na sake gini. Zuwan Kyaftin na biyu ya ba ni 4. Har yanzu da sauran aiki, amma wannan 4 ɗin na yarda da ita.

Inda simuleta ke yin ƙarya

Abin da na koya shi ne darajar simuleta ba ta wuce yawan gwada ta da aka yi da jirgin gaske ba. Hanyar ita ce a tashi da jirgi mai ɗauke da na'urorin auna komai, a motsa sanda ta wata siga, a naɗi amsar. Sannan a ba lissafin kwamfuta wannan motsin, a ɗora zanen biyu a kan juna. Inda suka rabu, nan lissafin ke da rauni. Cibiyar binciken sararin sama ta Jamus, DLR, a Braunschweig, na da jirgin EC135 na gwaji da kuma simuleta mai suna AVES, abin da aka gwada a ɗaki sai a kai shi sama a tabbatar.

Wuraren da lissafi ya fi shan wuya su ne inda iska ta rikice: dab da ƙasa, kusa da gini, da kuma lokacin da jirgi ke sauka a tsaye da sauri har ya faɗa cikin iskar da shi kansa ya tura, farfela ta riƙa juya zoben guguwa maimakon ɗaga jirgi. Wannan yanayin na cikin abin da ya kayar da jirgin V-22 a Marana ta jihar Arizona a watan Afrilun 2000, sojoji 19 suka rasu. Don haka kyan hoto kada ya ruɗe ka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Aikin gida

Ga mai son farawa, ba sai da dala miliyan ba.

1. Sauke FlightGear, kyauta ne, ko X-Plane na gwaji. Samu sandar tuƙi ko da mai araha ce, in da hali da feda.

2. Auna jinkirin na'urarka. Sa wayarka a bidiyon hoto 240 a sakan, kowane hoto kusan milisakan 4 ke nan. Fizgi sanda, ka ƙirga hotuna har allon ya motsa. Hoto 36 daidai yake da milisakan 150. In talabijin kake amfani da shi, kunna yanayin wasa na cikin saitinsa ka sake aunawa, za ka sha mamaki.

3. Zaɓi alama a filin jirgi, ka tsaya a kanta sakan 30. Yi sau goma, kowane ka ba kanka maki daga 1 zuwa 10 ka rubuta dalili.

4. Canza abu ɗaya tak: zafi daga 15 zuwa 45, ko nauyin kaya, ko iska daga gefe. Sake yin goma. In ka canza abu biyu tare, ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

5. X-Plane na iya fitar da bayanan tashi a fayil. Buɗe shi a Excel ko Python, ka zana motsin sandarka. Ranar da ka ga zanen na hawa da sauka yana ƙara faɗi, ka ga lilon da na ba da labari da idonka.

'Yan uwa da ke ABU, ko AFIT a Kaduna, ko kwalejin jiragen sama ta Zariya da ke nan tun 1964, wannan fili ne da za a iya yin aikin digiri mai ma'ana da laftof ɗaya. Ƙurarmu da zafinmu ba irin na Turai ba ne, kuma in ba mu auna su mun sa a lissafi ba, da wuya wani ya zo ya yi mana.

A bidiyo na gaba in sha Allah zan nuna yadda ake ƙirga hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, da allo uku daban-daban, har da talabijin ɗin da ya kunyata ni. Sai mun haɗu.